Hasumiyar Tiger 131: Tantance Ƙananan Sassa Kafin a Haɗa Samfurin Tanka

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin samfurin roba na tankar Tiger I ta Jamus, ta Yaƙin Duniya na Biyu, a ma'aunin 1/35, wato wanda aka rage kowane awo na tankar gaske sau 35, ya san cewa sau da yawa kayan da ke ciki sun fi abin da tanka guda take buƙata. Zai tarar da ƙubbar kwamanda iri biyu, garkuwar igwa iri biyu ko uku, murafan da ba duka za su sami gurbi ba, da wasu mitsi-mitsin sassa waɗanda sai da hantsaki ake iya ɗaukarsu. Kamfanonin da ke buga waɗannan kaya, irin su Tamiya da Dragon da Academy da Rye Field Model, sukan saka farantin roba iri ɗaya a kwalaye daban-daban, don haka sassan da ba su shafi tankar da ake haɗawa ba sukan biyo kwalin. Mafi yawan wannan rara ta hasumiya ce, wato ɓangaren sama mai juyawa wanda ke ɗauke da igwa da mutum uku daga cikin biyar ɗin da ke aiki a tankar. Dalili kuwa shi ne, a cikin shekara biyu kacal da aka yi ana ƙera Tiger I, daga Agusta 1942 zuwa Agusta 1944, da wuya a yi wata biyu ba a cire wani abu daga hasumiyar ba, ko a ƙara mata, ko a matsar da shi zuwa wani wuri.

Lamarin da za a duba a nan shi ne na magini, wato mai haɗa samfuri, da ya ƙudiri aniyar haɗa tanka guda takamaimai, wadda aka sani da Tiger 131, yadda take a Tunisiya a watan Afrilu 1943. An zaɓe ta ne domin babu wata Tiger da aka ɗauki hotunanta, aka auna ta, aka kuma rubuta labarinta kamar ita, ga shi kuma har yanzu tana nan a gidan tarihin tankoki na Bovington da ke kudancin Ingila, injinta yana tashi, tana tafiya. Mutum zai ɗauka cewa tunda abin yana nan ana gani, babu sauran wani bincike. Aikin da kansa yana nuna akasin haka.

Tankar da tarihinta

Kamfanin Henschel da ke birnin Kassel shi ne ya ƙera Tiger I, kimanin guda 1,350 gaba ɗaya. Krupp ne ya tsara hasumiyar, kamfanin Wegmann, shi ma a Kassel, ya riƙa haɗa ta. Tankar da ake magana a kai tana da lambar shasi 250122, ta fito daga masana'anta a farkon 1943, a tsakanin Janairu da Fabrairu, aka ba da ita ga bataliyar manyan tankoki ta 504, wadda ta isa Tunisiya a watan Maris. Jar lambar 131 da ke gefen hasumiyarta tana nufin kamfanin soja na 1 a cikin bataliyar, rukuni na 3, mota ta 1, wato ta shugaban rukunin. Shekaru da dama ana cewa an kama ta ne ranar 21 ga Afrilu 1943 a Djebel Djaffa, amma binciken da aka yi daga baya, wanda gidan tarihin ya amince da shi, ya mayar da ranar zuwa 24 ga Afrilu, wurin kuma ya zama tudun da sojojin Birtaniya suka kira Point 174, a Gueriat el Atach, inda dakarun Birtaniya na rundunar Sherwood Foresters suka fafata tare da taimakon tankokinsu samfurin Churchill. Wani harsashi ya daki ƙasan bututun igwar, ya zame ya maƙale a mahaɗar hasumiya da gangar jiki, hasumiyar ta kasa juyawa, ma'aikatan suka fice suka bar ta ba tare da sun tarwatsa ta ba.

Daga wannan ɗan tarihi magini ya riga ya sami iyakoki biyu da za su yanke masa rabin shawara. Na farko shi ne watan da aka ƙera ta, domin duk wani sauyin masana'anta da ya zo bayan Fabrairu 1943 ba zai kasance a jikinta ba sai in an ƙara shi a filin daga. Na biyu shi ne cewa yaƙin Tunisiya ya ƙare ranar 13 ga Mayu 1943, lokacin da ragowar sojojin Jamus da Italiya suka miƙa wuya, saboda haka babu wata Tiger da ta taka ƙasar Afirka ɗauke da wani abu da aka ƙirƙiro bayan wannan rana. Da wannan kaɗai ana iya tattara sassa da dama a mayar da su cikin kwali tun kafin a buɗe kwalbar gam.

Bin hasumiyar gurbi-gurbi

Abin da ido ke fara sauka a kai shi ne ƙubbar kwamanda, wadda ke bayan rufin hasumiya ta hagu. Ta farko doguwa ce mai siffar ganga, tana da tsagogi biyar na leƙe a kewayenta, kowace da gilashi mai kauri a bayanta, murfinta kuma yana buɗewa sama ya tsaya kusan a miƙe. Ma'aikatan tankar sun yi ta kuka da ita, domin tsayinta yana jawo harsashi, kan kwamanda yana daidai da tsagogin, murfin da ke tsaye kuma yana shelanta wa abokan gaba inda tankar take. A watan Yuli 1943 aka maye gurbinta da gajeriyar ƙubba ta zubin ƙarfe, mai maduban leƙe bakwai, wadda murfinta ke ɗagawa kaɗan ya zame gefe, da zoben ɗora mashinga a samanta. Tiger 131 ta riga wannan sauyi da wata biyar, don haka mai siffar ganga ce tata, kuma a nan babu wata gardama. Inda ake kuskure shi ne wajen zaunar da ita, domin ƙubbar tana da fuska, kuma idan aka manna ta a karkace, tsagogin da hinjin murfin za su kalli inda ba su taɓa kalla ba a tankar gaske. Hoton da aka ɗauka daga sama shi ne kaɗai ke warware wannan.

Sauyin na Yuli 1943 ya wuce ƙubba, kuma wannan ne abin da sababbin magina suka fi mantawa. Murfin fankar da ke zuƙe hayaƙin harbi daga cikin hasumiya, wani ɗan faifai mai kumburi, yana can bayan rufin a tsarin farko, amma a sabon tsari an matso da shi zuwa tsakiya, saman gindin igwa. Wasu kwalaye suna zuwa da rufi guda wanda aka yi wa alamun huji ta ciki, ana barin magini ya huda wanda ya dace da tankarsa. Wanda ya ɗora tsohuwar ƙubba amma ya huda gurbin fanka na tsakiya ya haɗa rufin da masana'anta ba ta taɓa fitarwa ba, kuma gyaransa sai an cike ramin an goge da sanfefa an sake huji.

A gaban murfin mai ɗura harsashi, wanda ke dama, akwai wani ɗan abu mai kama da ƙaramin akwati a kife, wato rumfar madubin leƙensa. An fara sa shi ne a watan Maris 1943. Wannan shi ne gurbin da ya fi kowane tsanani a lamarin 131, domin tazarar 'yan makonni ce kawai, kuma kwalaye da yawa masu ɗauke da sunan "ƙirar farko" an tsara su ne bisa tankokin da suka yi yaƙin Kursk da ke Rasha a Yuli 1943, waɗanda da yawansu suna da shi. Kalmar "ƙirar farko" kanta magina ne da masu kasuwa suka ƙirƙiro ta domin sauƙin magana; Jamusawa ba su raba Tiger zuwa ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe ba, sauye-sauyen sun riƙa shigowa ne ɗaya bayan ɗaya. Rufin 131 babu wannan madubi. Idan an zubo shi haɗe da rufin roba, sai a kankare shi da wuƙa a hankali, a bar wurin sumul.

Haka abin yake ga ƙugiyoyin rataya ɓallayen sarƙa a gefen hasumiya, wato ɓallayen ajiya na sarƙar da tanka ke tafiya a kanta. An fara walda su a watan Afrilu 1943, lokacin da 131 ta riga ta tsallaka teku, saboda haka gefunanta fayau suke, in ban da tsagar leƙe da ƙusar da ake kamawa a ɗaga hasumiyar da bututun harba hayaƙin ɓuya. Ga mai son ƙawa, ɓallayen sarƙa a gefen hasumiya suna ƙara wa samfuri kwarjini, shi ya sa hannu ke saurin kai musu, amma a wannan tanka ba su da hurumi.

A bayan hasumiyar akwai labari mai ɗan tsawo. Tankokin farko-farko, irin waɗanda aka kai yankin Leningrad da ke Rasha a 1942, suna da tagogin harbi biyu masu zagaye, ɗaya a baya ta hagu, ɗaya a baya ta dama, inda ma'aikata za su iya zuro ƙaramar bindiga su kori sojan ƙasa da ya matso. A watan Disamba 1942 aka soke ta dama, aka huda babbar ƙofar tsira mai zagaye a wurinta, mai hinji a ƙasa, wadda nauyinta ya sa in ta faɗo a buɗe ba a iya rufe ta daga ciki cikin sauƙi. Ta hagu ta ci gaba da zama babba har zuwa sauyin Yuli 1943, lokacin da aka mayar da ita ɗan toshi ƙarami, daga baya kuma aka soke ta gaba ɗaya. Ke nan 131 tana da ƙofar tsira a dama da babbar taga guda a hagu. Wannan haɗi, tare da rufin da babu madubin mai ɗura harsashi, yana killace tanka a cikin 'yan watanni uku, daga Disamba 1942 zuwa farkon Maris 1943, ko da ba a san lambar shasinta ba. Masu nazarin tsofaffin hotuna da irin wannan lissafi suke gane shekarun tankar da ba a rubuta komai a bayan hotonta ba.

Bututun hayaƙi suna gaban hasumiya, uku a kowane gefe, a kan wani maɗauri na ƙarfe, kowane yana kallon kusurwa dabam domin hayaƙin ya bazu. Faɗin bakin kowane milimita 90 ne, kuma da lantarki ake tayar da su daga ciki. An daina sa su a watan Yuni 1943 bayan rahotanni sun nuna cewa harsashin ƙaramar bindiga yana iya kunna su, hayaƙin ya turnuƙe ma'aikatan tankar da kansu. Tiger 131 tana da su. A ma'aunin 1/35 bakin kowane bututu bai wuce milimita 2.6 ba, kuma a tsofaffin kwalaye yakan zo a toshe ko da kaurin baki, shi ya sa masu natsuwa suke rarake shi da ɗan abin huji, ko su maye gurbinsa da na tagulla. Akwai kuma siririyar wayar lantarki da ke fita daga gindin kowane bututu ta nufi rufin hasumiya, wadda kusan babu kwalin da ke zuwa da ita. Silin waya guda daga cikin tsohuwar igiyar caja ya isa wannan aiki. Ƙaramin abu ne, amma a ganina yana daga cikin 'yan ƙare-ƙaren da suka cancanci wahalarsu, domin yana wurin da ido ke kaiwa.

Garkuwar igwa, wato ƙaton ƙarfen zubi da ke rufe gaban hasumiya, tana da ramuka da ya wajaba a ƙirga. A dama akwai rami guda na mashingar da ke tafiya tare da igwa. A hagu, inda maharbi yake zaune, akwai ramuka biyu a jere domin madubin saiti mai ido biyu samfurin TZF 9b. Sai a farkon rabin 1944 aka koma ga TZF 9c mai ido ɗaya, ramin ya zama guda. Kowane rami a samfuri bai kai kan allura biyu ba, amma mai ido ɗaya a kan tankar Tunisiya kuskure ne na fiye da shekara guda. Garkuwar kanta zubi ce, fuskarta tana da ɗan kaushi, alhali bangon hasumiyar farantin ƙarfe ne guda mai kaurin milimita 80 wanda aka lanƙwasa kamar takalmin doki, fuskarsa ta fi santsi. Wanda ya bi duka biyun da kaushi iri ɗaya ya ɓatar da bambancin yadda aka ƙera su.

Akwai wani abu game da wannan bango da aka daɗe ba a lura da shi ba. Idan aka dubi hasumiyar Tiger I daga sama, gefen hagu da na dama ba su yi lanƙwasa iri ɗaya ba. Tsofaffin kwalaye da dama sun fitar da ita daidai wa daida, kamar an naɗe takarda biyu an yanka, sababbin ne suka gyara bayan an koma ga zanen masana'anta da awon tankokin da suka rage. Wannan ba abu ne da wuƙa da sanfefa za su gyara cikin sauƙi ba, saboda haka tun wajen sayen kwali ake yanke shawararsa.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Rufin 131 mai kaurin milimita 25 ne, domin na milimita 40 sai a Maris 1944 ya zo, kuma bambancin a samfuri bai kai rabin milimita ba, ana gane shi ne kawai ta yadda rufin ke ɗan tasowa sama da bakin bango. Babu zagayayyen makamin harba gurneti na kusa a rufinta, shi ma na 1944 ne. Babu Zimmerit, wato ƙullin nan mai tsaga-tsaga da ake shafawa domin hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, wanda aka fara shafa wa Tiger a wajajen Satumba 1943. Akwatin kaya na bayan hasumiya kuwa yana nan, irin wanda masana'anta ta tsara wa Tiger, ba irin aron da aka yi daga tankar Panzer III a kan wasu tankokin farko ba.

Abin da hoto ke ɓoyewa

Jadawalin watanni yana faɗin abin da ya kamata a gani, hoton zamanin ne ke tabbatar da abin da aka gani, amma shi ma yana da tarkunansa. Na farko shi ne lambar kanta. Tunda 131 matsayi take nunawa a cikin kamfani, kowace bataliyar Tiger mai bin wannan tsari tana iya samun tata 131, kuma idan tanka ta lalace, wadda ta gaje ta takan gaji lambar. Wanda ya rubuta "Tiger 131" a intanet zai ga hotunan tankoki daban-daban, har da wadda aka ɗauka a Faransa a 1944, mai gajeriyar ƙubba da Zimmerit, wadda ba ta haɗa komai da ta Tunisiya ba sai lamba. Kafin a yarda da hoto sai a duba ko sauran alamun sun yi daidai da watan ƙira, a kuma duba ƙasa da tsirrai da kakin sojojin da ke kewaye.

Tarko na biyu shi ne hoton da aka wanke a juye, hagu ta koma dama. Wannan yakan faru a tsofaffin mujallu, kuma yana iya sa magini ya manna ƙofar tsira a gefen da ba nata ba. Gane shi ba wuya idan lamba ta fito, domin za ta karantu a baibai. Idan ba ta fito ba, ƙubbar kwamanda ce ma'auni, tunda a kowace Tiger I tana hagu ne ga wanda ya tsaya a bayan tankar yana kallon inda igwa ta nufa. Na uku shi ne inuwa da kaya. Ranar Tunisiya tana da ƙarfi, inuwarta baƙa ƙirin ce a hoton fari da baƙi, kuma hular kwano ko jarka ko nannaɗaɗɗen bargo da aka ajiye a rufi yana iya kama da wani sashe na tankar. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kada a ƙara wa samfuri wani abu saboda tabo guda a hoto guda. Sai an gan shi a hotuna biyu daga kusurwa biyu, ko kuma jadawalin masana'anta ya goyi bayansa.

Tanka guda, kamanni uku

Da an kammala wannan tantancewa sai tambayar da ta fi duka nauyi ta taso, wato wace rana ce ta rayuwar tankar ake son nunawa. Tiger 131 ta safiyar 24 ga Afrilu, kafin a fara harbi, hasumiyarta lafiya lau take. Ta yammacin wannan rana tana ɗauke da raunuka: gurzar harsashi a ƙasan bututun igwa da ƙasan garkuwa, inda ya bi ya maƙale, da wani da ya ci ƙusar ɗaga hasumiya ta hagu, da wanda ya sami murfin mai ɗura harsashi. Ta gidan tarihi kuma wata aba ce dabam, domin hannaye da yawa sun taɓa ta a tsakani. Injiniyoyin sojan Birtaniya, ƙarƙashin Manjo Douglas Lidderdale, sun janye ta suka gyara ta da sassan wasu Tiger da aka lalata. An zana mata tambarin rundunonin Birtaniya. Sarki George na Shida da Winston Churchill sun duba ta a Tunis a watan Yuni 1943. An kai ta Birtaniya a Oktoba, aka baje ta a filin Horse Guards da ke Landan, sannan masana suka kwance ta domin nazari. A 1951 aka miƙa ta ga Bovington, a 1990 aka fara babban aikin farfaɗo da ita wanda ya ɗauki fiye da shekara goma, kuma injin da ke cikinta yanzu Maybach HL230 ne, ba HL210 da ta zo da shi ba.

Ma'anar wannan ga magini ita ce, tankar da ke Bovington shaida ce mai ƙarfi a kan siffa da awo, kamar lanƙwasar bango da kaurin walda da girman hinji, amma ba ita ce hujja ta ƙarshe ba a kan abin da ke jikin tankar a Afrilu 1943. Duk wani sashe da ake iya kwancewa, murfi ne ko bututu ko akwati, sai an gwada hoton yau da hotunan da aka ɗauka a filin daga kafin a fara gyara. Inda suka yi daidai, sai a yi amfani da hoton yau domin ya fi fitowa sarai. Inda suka saɓa, na 1943 ne ke da rinjaye, muddin tankar 1943 ake haɗawa. Wanda kuma ya zaɓi ya haɗa ta yadda take a gidan tarihi bai yi laifi ba, sai dai ya tsaya a kan zaɓinsa har ƙarshe, kada ya ɗora ƙurar Tunisiya da ma'aikata Jamusawa a kan tankar da ke ɗauke da gyaran Ingila.

A lamarin da ake dubawa, shawarar da ta fi dacewa da manufar maginin ita ce kamanni na biyu, wato tankar jim kaɗan bayan an bar ta, domin shi ne lokacin da hotuna suka fi yawa kuma hannun masu gyara bai riga ya shiga ba. Wannan yana nufin sai an yi raunukan da hannu. Harsashin igwar tankar Churchill mai faɗin milimita 57 yana komawa kimanin milimita 1.6 a samfuri, saboda haka gurzar da ya bari 'yar siririya ce, ana yin ta da bakin wuƙa ko ƙaramin zarto, a bi ta da launin ƙarfe mai ɗan haske tunda sabon rauni bai yi tsatsa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuzuta ta har ta zama rami, alhali abin mamakin wannan tanka shi ne yadda ɗan ƙaramin lahani ya tsayar da ƙarfe mai nauyin tan 57. Fentin kuwa launuka biyu ne na yankuna masu zafi, masu lambobin fenti na Jamus RAL 8000 a ƙasa da RAL 7008 a kansa, masu kusancin juna har ta kai a hoton fari da baƙi kusan ba a rabe su, abin da ya sa aka daɗe ana yi wa samfuranta launin rairayi guda.

Inda jadawalin ke gazawa

Hanyar da aka bi a nan ta yi aiki ne saboda rayuwar 131 a fagen fama gajeriya ce, ba ta wuce 'yan makonni ba, ba ta kuma koma masana'anta ba. Tankokin da suka daɗe a Rasha ba haka suke ba. Ma'aikata sukan yanke bututun hayaƙi su bar maɗaurin, ko su walda ƙugiyoyin sarƙa da kansu, kuma masana'anta takan ƙarar da tsofaffin sassan da ke ajiye bayan an sanar da sauyi, ta yadda tankoki biyu masu lambar shasi a jere za su iya bambanta. Waɗanda aka mayar Jamus domin babban gyara sukan dawo da gauraye. Misalin da magina suka fi ambata shi ne na rukunin sojan Jamus mai suna Fehrmann, wanda aka harhaɗa daga tankokin makarantar horo a Afrilu 1945, inda aka ga Tiger mai tsohuwar ƙubba mai siffar ganga a kan ƙafafun ƙarfe zalla waɗanda sai a Fabrairu 1944 aka fara sa su. Wanda ya riƙe jadawali kaɗai zai ce wannan tanka ba ta taɓa wanzuwa ba, ga kuma hotonta. A irin wannan yanayi ana komawa ga hoto kacokan, a haɗa abin da ya nuna, sannan a cike gefen da kyamara ba ta gani ba da abin da ya fi dacewa da watan da aka ƙera ita hasumiyar, ba gangar jikin ba.

Ga ita 131, da zarar an ware sassan da suka dace, abin da ya rage shi ne tsarin haɗawa. Ana fara huda ramukan rufi ta ciki tun ba a manna shi da bango ba, a kankare madubin mai ɗura harsashi da alamun ƙugiyoyin sarƙa tun babu abin da zai karye, a cike mahaɗar rabi biyu na bangon roba da ke baya a goge ta har ta ɓace, tunda bangon gaske faranti guda ne. Raunukan garkuwa da na bututun igwa ana yin su kafin a haɗa su da hasumiya, domin suna ƙasa inda wuƙa ba za ta kai ba daga baya. Bututun hayaƙi da wayoyinsu su ne na ƙarshe, bayan an manna jar lambar a gefe, domin suna daidai inda yatsu ke kamawa duk lokacin da aka ɗaga hasumiyar.